Oga Tanko Bai Ƙarasa Ɗaura Min Robar Fenda Ba

Oga Tanko ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar gida na buɗe bonet ina duba mai, ko shayi ban sha ba. Maman Rifkatu ce ta kira ni, matar nan mai sayar da abinci a gefen garejinsa a Laranto. Ta ce gari ya waye ba ta ji tarinsa ba, ba ta ga butarsa a bakin ƙofa ba, shi ne ta kira makanikan da ke kusa suka ɓalle ƙofar ɗakin. A kishingiɗe suka same shi a kan sallaya.

Ni kuma sai na ji bakina yana tambayarta, wane Tankon? Kamar ina da wani.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka fito daga maƙabarta. Ina zaune a cikin mota na kasa murɗa makulli, shi ne na ɗauko waya. Ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo. Idan na koma gida babu wanda zan gaya wa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Oga Tanko fanal bita ne, mai gyaran jikin mota, a can bayan 'yan katako. Dogo ne siriri, da hular sanyi a kai ko ana zafi, da guntun alli a maƙale bayan kunne. Idan ka taɓa kai mota wajen wani dattijo, maimakon ya kalli motar sai ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce maka ba yau ba, to shi ne.

Akwai alkawari tsakanina da shi, kuma shi ne ya tsaya min a rai tun safe. Mun yi da shi cewa idan ya gama ɗaura min robar fenda, zan ɗauke shi a jif ɗin nan in kai shi ƙauyen da aka haife shi, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa. Robar guda huɗu ce. Uku ya ɗaura.

Bari in gaya muku yadda aka yi.

Kun san sana'ata dankali ce. Ƙauye nake shiga in saya a gona, kuma duk wanda ya san hanyoyin nan da damina ya san ba na ƙaramar mota ba ne. Farkon daminar bana na canza wa jif ɗin tayoyi, na sa masu faɗi. Sun yi min aiki kam, amma sai suka leƙo waje suka wuce jikin motar. Duk lakar da taya ta kwaso sai ta watsa a ƙofa har gilashi, tsakuwa kuma tana ta cin fenti. Wata ranar Juma'a a Titin Bauchi na yi wa wani bawan Allah wanka da ruwan kwata, yana cikin farar shadda zai tafi masallaci. Na tsaya na ba shi haƙuri. Kallona kawai ya yi, wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Washegari na shiga wajen masu kayan mota a nan Dilimi, na sayi baƙar robar nan da ake ɗaurawa a bakin fenda, saman kowace taya, don ta tare laka. Mai shagon, da guntuwar Hausarsa, har da rantsuwa, wai "oga, wannan yana shiga kowane mota," kafin in shanye kofin shayi an gama ɗaurawa.

Na kai wa Oga Tanko don shi ya taɓa buga min wata ƙofa da ta lotsa, amma a lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya jujjuya robar, ya kara ta a jikin fenda, ya ga inda ta ƙi kwanciya. Sai ya ɗaga kai ya kalli hadari.

Ya ce ba yau ba.

Ni kun san ni, ranar rabon haƙuri ban zo da wuri ba. Na ce masa haba oga, sukuru fa za ka ɗaure, ba rijiya za ka haƙa ba. Ya shiga cikin tarkacensa ya ɗauko guntun wata tsohuwar bamba, irin robar, ya ce in lanƙwasa. Na lanƙwasa, ta ce ƙas, ta rabu biyu a hannuna. Ya ce to haka sanyin Jos yake yi wa roba. Idan ka matsa mata tana sanyi, ko ba ta fashe a gabanka ba za ta tsage daga wajen sukuru bayan ka tafi, ka dawo kana zagin mai aiki. Shi a kan kwanon rumfarsa yake ɗora ta, rana ta dake ta har ta yi laushi, sannan ya sauko da ita da ɗuminta ya kwantar a jikin mota.

Na ce ai akwai injin hura zafi, na ga ana amfani da shi. Ya ce injin wuri ɗaya yake ƙonawa ya bar sauran, shi bai yarda da shi ba.

To ku da kuke Jos ku gaya min, a ina ake samun rana a tsakiyar damina?

Haka muka shiga wani irin zama. Ina kasuwa in ga rana ta buɗe, in bar awo in figi mota. Kafin in kuɓuta daga cunkoson keke mai ƙafa uku in iso Laranto, hadari ya haɗo. In same shi a tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon sama yana girgiza kai. In fito ina masifa, shi kuma ya jawo min tsohuwar kujerar bas da yake zama a kai, ya ɗaga murya ya ce Maman Rifkatu ta kawo mana gwate mai zafi. Ruwa ya sauko, mu zauna a ƙarƙashin kwano ko maganar juna ba ma ji sosai. Wata rana har ƙanƙara aka yi, dattijon nan ya fita a guje cikinta ya sauko da robar daga kan rumfa, ya shigo yana rungume da ita, hularsa ta jiƙe sharkaf. Na ce oga, roba ce fa. Ya ce ta mutane ce.

Kuma dole sai ina wurin. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya sa alama, shi kuwa waɗanda ya koya wa aiki duk sun watse sun kama tuƙin keke. Don haka a garejinsa mai mota shi ne ɗan riƙo.

Ba zan manta ranar da muka ɗaura ta farko ba, ta gaba ɓangaren direba. Sai da ya kankare lakar da ta daskare a cikin fenda tas, ya tarar da tsatsa a ƙarƙashi ya goge ta, ban sa shi ba. Ya hau benci ya sauko da robar, ya kara ta a kumatunsa kamar uwa mai gwada zafin kunun jariri. Ya ce in riƙe, kada in ko yi tari. Na danne da hannu biyu da gwiwa, shi yana bi da alli yana ɗiga alama ta cikin ramukan. Muka cire, ya mayar da ita sama ta ci gaba da shan rana, ya huda ƙarfen. Sannan ya ɗauko gashin kaza ya tsoma a fenti yana ɗiga wa kowane rami, wai ƙarfen da aka huda aka bar shi haka, ta nan tsatsa take fara shiga. Wurin da babu mai gani fa.

Sukuru kuwa daga tsakiya yake fara ɗaurewa, ya bi dama ya bi hagu, kuma ba ya matsewa har ya ƙure. Da ya gama ya ce in hau in juya sitiyari iya juyawa, nan da can, shi yana tsugune ya kasa kunne ko taya za ta goga.

Ta zauna cif, sai ka ce da ita aka ƙero motar. Na ce to mu yi ta biyu. Ya ce rana ta yi sanyi.

Tun ina jin haushi har na daina. Kai, har na koma in gari ya waye da hadari sai in ji wani ɗan daɗi, don na san yau zama ne.

Gaskiyar magana, ba kowa ya san yadda nake rayuwa ba. Iyalina suna Kano tun shekarun da gari ya rikice. Na kai su da niyyar ɗan lokaci, yara suka shiga makaranta, zama ya miƙe, ni kuma sana'a ta riƙe ni a nan. Abokan da muka taso tare a layinmu wasu sun koma Bauchi, wasu Abuja, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Gidan da a da ba ka jin kiran salla saboda hayaniyar yara, yanzu in na ajiye cokali sai in ji ƙararsa. Mutane suna ganina a kasuwa ina ta hargowa da 'yan dako, suna zaton ina da jama'a. A kan kujerar bas ɗin nan ne kawai wani yake tambayata ko na ci abinci.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, aka yi rana mai kyau ban je ba, aka sake yi ban je ba. Ina kwance sai na ji ana buga ƙofa. Oga Tanko ne, ya hau keke tun daga Laranto yana tambayar mutane gidan Bala mai dankali, da kular gwate a hannu. Ya ce ya ga rana ta fito ba a zo an yi masa masifa ba, ya san ba lafiya ba. Ya zauna a bakin katifa har sai da na ci. Da zai tafi ya tsaya ya kalli hotunan yaran a bango, ya tambayi sunan kowa, kuma bai taɓa mantawa ba. Daga ranar in na zo sai ya ce yaya Khadija da jarrabawa, yaya autan. In na ce ai sun kwana biyu ba su kira ba, sai ya ce kai wayarka ba ta fita ne?

Sau da yawa a gabansa nake kiransu, don ya ƙyale ni.

A kan ta biyu ne maganar ƙauyensu ta taso. Ina riƙe da roba ina ba shi labarin inda na taɓa maƙalewa a laka, can bayan Bukuru, kusa da wani tsohon barikin kuza da ake kira Barikin Gwaiba. Sai na ga allin ya tsaya. Ya tambaye ni ko har yanzu akwai layin itatuwan turare a bakin tafkin. Na ce akwai wasu, an sare wasu.

Ya ce a nan aka haife shi.

Aikin kuza ne ya kawo kakansa, a nan ubansa ya yi lebura har kamfani ya tashi. Mahaifiyarsa ƙosai take soyawa a bakin barikin, kowa ya san ta. A can ta rasu, shi ya sa ta a kabari da hannunsa, ya kifa wani tsohon kwanon wankin kuza a wajen kanta don alama. Bayan nan, shekarar da abubuwa suka lalace, suka fito a bayan tifa da kayan jikinsu, su da maƙwabtansu, kowa ya kama gabansa. Bai sake komawa ba. Matarsa a nan Laranto ta rasu, ba su samu ɗan da ya rayu ba. Ƙaninsa guda ɗaya ya tafi kudu, an daɗe da daina jin ɗuriyarsa.

Ya ce duk duniya shi kaɗai ya rage wanda ya san inda matar nan take kwance.

Na ce to me ya hana ka zuwa? Ya ce hanya, motar haya ba ta shiga, ƙafarsa kuma ba ta doguwar tafiya ba ce yanzu. Ya ce kuma wa zai gane shi a can. Na ce ni ina da abokan ciniki a wajen, manoman dankali, mutanen kirki, har a gidajensu nake cin abinci. Na buga jikin jif ɗin na ce ga mota. Ka gama min aikin nan, washegari mu tafi.

Ya mayar da allin bayan kunne. Sannan ya ce, "To, in mun gama huɗun."

Daga ranar kusan duk zaman da za mu yi sai ya kwatanta min wurin. Ka wuce tafki, ka bi bayan masallacin laka, ka ga mangwaron gidan mai unguwa, ka karya hagu ta jikin shingen ƙyarana. Ni ina jinsa ina gyaɗa kai. Na bi ta bakin wurin nan ba sau ɗaya ba, ban ga masallaci ba, ban ga mangwaro ba, amma ban iya gaya masa ba.

Ta uku ta ja mu da yawa. Yau ya ce rana ba ta yi ƙarfi ba, gobe ya ce bakin injin huda ya dakushe, jibi babu wuta kuma janareto yana tari. Na yi ta yawo a gari da mota ɓari guda da roba ɓari guda babu, 'yan kasuwa suna tsokanata wai jif ɗin Bala ta sa kwalli a ido ɗaya. Da ƙyar muka ɗaura ta, shi ma don na zo na zauna tun safe na ce yau ko ni ko shi.

Saura ta baya, ɓangaren fasinja.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Laraba ce. Damina ta fara ja da baya, sama fes, rana tun hantsi tana dukan kwano. Na hau bencin da kaina na taɓa robar, sai da na janye hannu. Na ce oga, yau dai babu uzuri. Ya ɗaga kai ya kalli sama, babu ko ɗigon gajimare, ya ce ba yau ba.

Raina ya ɓaci. Na ce in ba ya son aikin ya faɗa min, akwai masu ɗaura min a Dilimi kafin la'asar. Na ce damina guda ina zarya a kan sukuru, ni ba ni da aikin yi ne? Har Maman Rifkatu ta leƙo da ludayi a hannu.

Ya bar ni na gama. Ya zauna a kujerar bas, ya cire hular sanyin nan, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba, ya riƙe ta a hannu. Ya ce ya daɗe da jin labari, wasu sun ce masu haƙar kuza na yanzu sun bi wajen kabarin mahaifiyarsa da ramuka, wasu sun ce an mayar da shi gona.

"Malam Bala, yanzu da nake zaune a nan na san inda take. In na rufe ido ina ganin kwanon da na kifa. In muka je na tsaya a filin nan na rasa gane wurin fa? Ka ga ranar ce za ta mutu min gaba ɗaya."

Na zauna kusa da shi. Na ce masa ko ba mu gane wurin ba, sai mu tsaya a baki mu yi wa duk wanda ke ciki addu'a, ita ma tana ciki. Na kuma ce in ba ya so mu bar maganar, robar ta zauna a kan rumfa har ta narke, ni ba zan kai wa kowa ba.

Ya yi 'yar dariya. Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Kawo ta Asabar da hantsi. Lahadi mu kama hanya."

Yau ce Asabar ɗin. Man da nake dubawa da safe na tafiyar ne.

Da na isa Laranto na tarar da robar a kan kwano tana shan rana. Maman Rifkatu ta ce jiya da yamma ya hau ya ɗora ta, don ranar farko ta same ta. Ta ce jiyan ya ci abinci sosai har ya nemi ƙari, kuma ya ce mata gobe Lahadi in ta dawo daga coci ta jira shi, idan gwaibar barikin tana nan zai kawo mata. Tana faɗa tana kuka, ta kasa ƙarasawa. Ko wuta ba ta hura ba yau.

Na shiga ɗakin da za a yi masa wanka. Ɗaki ɗaya ne, katifa, buta, rediyo. A jikin ƙusa ga farin kaftani an wanke an goge, ban taɓa ganinsa da shi ba. A jingine da bango ga sabuwar fartanya, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Da ledar dabino a gefe.

Ya shirya. Wallahi mutumin nan ya shirya.

Waɗanda suka sallace shi ba su da yawa. Makanikai ne, da wasu 'yan katako, da 'yan keke uku da suka taɓa koyon aiki a hannunsa, da masu wucewa da suka ga gawa suka tsaya, Allah ya saka musu. Da muka isa bakin kabari liman ya ce 'yan uwansa su matso su karɓe shi. Babu wanda ya motsa. Kowa ya kalli na kusa da shi. Liman ya sake faɗa a hankali. Sai wani makanike ya taɓa bayana ya ce, "Alhaji, kai ne kullum tare da shi."

Na cire takalmi na shiga. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Da aka gama aka shafa, sai na ga mutane sun yi layi sun nufo ni. Kowa ya kama hannuna, ya haƙuri, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Ni da na kawo mota gyara farkon damina. Na yi ta amsawa, don in ban amsa ba babu mai amsawa. Ban yi kuka a wurin wanka ba, ban yi a cikin kabari ba, amma a layin nan na kasa riƙe kaina.

Bayan kowa ya watse na tsaya na ƙare wa wurin kallo, gabas da yamma, na ga abin da ke kusa da shi da abin da ke nesa, don kada wata rana in zo in tsaya ina dube-dube.

Ina jin kewarsa tun yanzu. Ban san inda zan riƙa zuwa ba in hadari ya haɗo.

Abu biyu nake roƙo.

Za mu shimfiɗa tabarma a ƙofar garejin, a nan za a yi zaman makoki tunda babu gida. Duk wanda Oga Tanko ya taɓa buga wa ƙofa, ko ya gyara masa bamba, ko ya taɓa ce masa ba yau ba ya tafi yana jin haushi, don Allah ya zo ya ɗan zauna. Kada tabarmar nan ta wuni babu kowa.

Na biyu, mutanen Barikin Gwaiba. Na san kuna nan a warwatse, Bauchi, Kano, Kaduna, wasu ma a nan cikin gari. Ku tambayi tsofaffinku ko akwai wanda ya tuna tsohuwar maƙabartar bayan tafki, da matar da take soya ƙosai a bakin bariki. In akwai wanda zai iya nuna wurin, ko a waya ne, ya yi min magana. Gobe da sassafe zan je in dawo kafin a zauna, na riga na sa fartanyar a but ɗin mota. Ban san inda zan tsaya ba. Abin da na samu zan nome, in yi abin da na gaya masa za mu yi.

Ya Allah, ga bawanka Tanko nan ya zo maka, ba shi da kowa sai kai. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Yadda ya riƙe amanar mutane a wurin da ba sa gani, ka rufa masa asiri ranar da komai zai fito fili. Ka sada shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka ba mu masu karɓar mu.

Ku ma ku sa shi a addu'a. Kuma don Allah ku haɗa da ita. Sunanta Hansatu. A bayan gareji na riƙa jin sunan, duk lokacin da muka idar da salla ya ɗaga hannu. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne a duniya yake kiran sunan nan, shi ne muka rufe ɗazu. Duk wanda ya karanta har nan, ya faɗa ko sau ɗaya ne: Allah ya jiƙan Hansatu da ɗanta Tanko.